Tace, Dakatarwa, Haramci: Kalmomin da Suka Kai 'Yan Titin Gidan Zoo Gidan Yari

Ranar 30 ga Disamba, 2008, kotun tafi-da-gidanka mai sauraren ƙararrakin Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano ta yanke wa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama hukuncin ɗaurin wata uku da tarar naira 300,000. Tuhuma biyu aka yi masa. Ta farko, kamfaninsa yana aiki babu rajista. Ta biyu, ya saki fim ɗinsa mai suna Tsintsiya ba tare da an tace shi ba.

Abin da ya sa har yanzu ake waiwayar wannan shari'a shi ne, mutumin da aka ɗaure saboda rashin tacewa yana riƙe da takardar shaidar tacewa. Hukumar tace fina-finai ta tarayya ce ta ba shi ita. Fim ɗin, wanda ofishin jakadancin Amurka ya tallafa wa aikinsa, ya ci kyauta a bikin fina-finai na Zuma da aka yi a Abuja cikin shekarar. Iyan-Tama kuma ya tsaya kai da fata cewa bai saki fim ɗin a Kano ba, har ma ya sanar da jama'a cewa ba na kasuwar Kano ba ne. Ke nan a kan kalmomi uku aka yi shari'ar: tace, rajista, da saki. Kowane ɓangare ya san ma'anar kowacce, sai dai ma'anar da mai ƙara ya sani daban take da wadda wanda ake ƙara ya sani. A watan Maris na 2009 Babbar Kotun Jiha ta ba da umarnin a sake shari'ar. A lokacin ya riga ya cinye kusan duk wa'adinsa a gidan yari.

Akwai siyasa a ciki, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Iyan-Tama ya tsaya takarar gwamna a 2007, kuma bai taɓa ɓoye adawarsa da shugabancin hukumar ba. Amma siyasa kan nemi igiyar da za ta ɗaure mutum da ita, kuma a wannan karon a cikin kalmomin hukuma ta samo igiyar.

Wanda ya taso daga Gyaɗi-Gyaɗi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, ya ratsa inda shataletalen Dangi yake kafin a gina gadar sama, ya miƙa kan Titin Gidan Zoo, ya shiga maƙerar masana'antar fim ɗin Hausa. Idan Ƙofar Wambai ce kasuwar kaset da faifai a wancan zamanin, nan ne ake ƙera hajar. Benaye ne masu ƙananan ɗakuna, irin su Gidan Ɗan Asabe, kowane ɗaki da abin da ake yi a cikinsa: wannan situdiyon waƙa, wancan ofishin furodusa, na kusa da shi matasa biyu sun duƙufa a gaban kwamfuta suna haɗa hoto da sauti. Duk sanarwar da hukuma ta fitar, a waɗannan ɗakunan take sauka, kuma a nan ake zama a yi mata tafsiri. Tarihin wannan titi daga 2000 zuwa yau, a wani ɓangarensa, tarihi ne na mutanen da ke ƙoƙarin gane abin da takarda take nufi kafin motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar bene.

Kalma ɗaya, aiki uku

Tace kalma ce ta madafi. Mace kan tace gasara, ta tace kunu, ta raba tsaki da abin sha. Abin da ya bi ta cikin rariya ya tsarkaka, abin da ya rage a sama a ba dabbobi. Wanda ya fara ɗora wannan kalma a kan aikin hukuma ya yi dabara, domin ta fi takwararta ta Turanci taushi. Ta Turancin daga sunan wani jami'in daular Rum ta samo asali, mai ƙidayar jama'a da sa ido a kan ɗabi'unsu, kuma har yau tana ɗauke da warin danniya. Tace kuwa ƙamshin tsafta take yi. Wa zai ce a ba shi kunun da ba a tace ba?

Sai dai taushin nan ya zo da nasa kuɗin. Da farko dai, 'yan fim suna da tasu tacewar tun kafin hukuma. A jerin sunayen da ke bin bayan fim ɗin Hausa, wanda ya zauna a gaban kwamfuta ya yanke, ya jera, ya daidaita hoto da murya, mai tace hoto ake kiransa. Saboda haka idan aka ce an tace fim a Titin Gidan Zoo, yana iya nufin edita ya gama aikinsa, ba wani jami'i ya gani ba. Wannan ya sa da yawa a cikin sana'ar suka gwammace su ari kalmar Turancin su lanƙwasa ta, su ce an kai fim sensa, don a bambance.

Na biyu, hukumar tarayya, wadda doka mai lamba 85 ta shekarar 1993 ta kafa, aiki biyu take yi. Takan ce a cire wani abu daga fim, takan kuma rarraba fina-finai bisa shekarun mai kallo, ta liƙa musu alama: wannan na kowa da kowa, wannan sai da kulawar iyaye, wannan na 'yan 15, wannan na 'yan 18. Tunanin da ke ƙarƙashin rarrabawa shi ne, abu kan dace da babba bai dace da yaro ba, kuma iyaye ne masu tsaron ƙofa. Ƙasashe da dama sun karkata ga wannan tunanin har suka sauya wa hukumominsu suna. Ingila ta cire kalmar tacewa daga sunan hukumarta a 1984 ta sa ta rarrabawa. Indiya, wadda Kanawa suka tashi da fina-finanta, ta yi makamancin haka a 1983. A Hausa kuwa ayyukan biyu duk tace ne, kuma rariya ba ta san shekaru ba. Uban da ya ji an ce an tace fim, abin da ya fahimta shi ne zai iya kallonsa da 'ya'yansa da surukarsa a falo ɗaya. Idan ya ga abin da ya sa shi sunkuyar da kai, a wurinsa hukuma ta ci amana, ko da kuwa akwai 18 a jikin kwalin.

Na uku shi ne wanda ya kai Iyan-Tama gidan yari. Rariyar biyu ce. Kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya tace fina-finai a jerin al'amuran da tarayya da jihohi suke tarayya a kansu: Majalisar Tarayya tana da ikon kafa hukuma, kuma wannan bai hana majalisar jiha ta kafa tata ba. Don haka hukumar Kano tana da gindin zama a doka, haka ma ta Abuja. Fim ɗaya yana iya zama tatacce a Kaduna, ya zama ɗanye da zarar ya wuce Kwanar Ɗangora.

Yadda aka zo nan

Tace fim a Nijeriya ya girmi 'yancin kai. Turawan mulkin mallaka sun yi dokarsa a 1933, aka sabunta ta a 1963. Amma a wancan zamanin Bakano ɗan kallo ne kawai. Fim daga waje yake zuwa, a Legas ake duba shi, a nuna shi a gidajen silima irin su Rex, wanda aka buɗe a 1937. Sunayen da mutanen gari suka raɗa wa abin sun nuna yadda suka karɓe shi: majigi ga wanda gwamnati ke yawo da shi a mota, dodon bango ga hoton da ke motsi a jikin garu. Da gobarar silimar El-Duniya ta ci rayuka 331 a watan Mayun 1951, mutane da yawa sun ɗauke ta a matsayin hukunci daga sama. Zargin da ake yi wa fim tsoho ne. Abin da babu a lokacin shi ne ɗan gari mai shirya fim, wanda zai buƙaci sanin bambancin lasisi da rajista.

Wannan ya sauya bayan 1990, shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. Cikin shekara goma sana'ar ta bunƙasa har ta samu mujallunta, Tauraruwa da Fim, ta kuma samu suna, Kannywood, a 1999. Sai Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, kuma a watan Disamba na shekarar gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tsayar da harkar fim baki ɗaya. Masu sana'ar suka haɗa kai a ƙarƙashin ƙungiyar MOPPAN, suka shiga tattaunawa da gwamnati, a farkon 2001 aka kafa hukumar tacewa ta jiha. Wannan batu yakan ɓace wa masu ba da labarin a yau: hukumar ta zo ne a matsayin mafita. 'Yan fim da kansu sun fi son a tace su a kan a rufe su.

An rubuta dokar da ƙa'idojinta da Turanci, kamar sauran dokokin jiha. Waɗanda za ta hau kansu kuwa da Hausa suke aiki, da Hausa suke ciniki, kuma mafi yawansu ta rediyo suke jin abin da hukuma ta ce. Tsakanin takardar da aka sa wa hannu da kunnen yaron situdiyo akwai mai fassara a ɗakin labarai, wanda agogo ke bin sa, yana neman kalmar da za ta shiga kanun labarai. Shekaru shida na farko wannan giɓi bai cika cutar da kowa ba, domin hukumar ba ta cika kamu ba.

Shekarun kamu

A watan Agustan 2007 wani bidiyon wayar salula na sirrin wata jarumar fim ya bazu a gari. Ba fim ba ne, ba kuma wani kamfani ne ya shirya shi ba, amma fushin jama'a a kan masana'antar gaba ɗaya ya sauka. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim, tsohon babban jami'in Hisbah, ya shugabanci hukumar. Aka dakatar da ɗaukar fim na wata shida, zuwa Fabrairun 2008, aka kuma fito da sababbin sharuɗɗa: kamfani ya mallaki jarin da bai gaza naira miliyan 2.5 ba, a kawo rubutaccen labari a duba kafin a fita ɗauka, a daina rawa da waƙa, kowane ma'aikaci ya yi rajista.

Dakatarwa kalma ce mai wa'adi, mai cewa a tsaya tukuna. Tambayar ita ce, a tsaya da me? Da ɗaukar sabon fim a cikin Kano kaɗai, ko har da haɗa wanda aka riga aka ɗauka? Wanda ya je Kaduna ko Jos ya ɗauko nasa fa, kamar yadda da yawa suka yi? Faifan waƙa fim ne? Adam A. Zango ya samu amsar tambaya ta ƙarshe a watan Satumban 2007, lokacin da aka ɗaure shi wata uku saboda faifan bidiyon waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya, wanda aka ce ya shiga kasuwa ba a tace shi ba kuma akwai batsa a ciki. A irin wannan yanayi hukuncin kotu shi ya zama ƙamus. Ana sanin iyakar kalma ne bayan an ga wanda ta kama.

Rajista ta fi kowacce rikitarwa, domin takardu huɗu ne suke amsa wannan suna a bakin mutanen titin. Akwai rajistar kamfani da hukumar kamfanoni ta tarayya. Akwai lasisin hukumar tacewa ta tarayya. Akwai rajista da hukumar jiha, ta kamfani daban, ta mutum ɗaya-ɗaya daban. Akwai kuma katin ƙungiya, na 'yan wasa ko na daraktoci ko na editoci. Matashin da aka tambaya ko yana da rajista, ya ce yana da ita, ba lalle ƙarya yake yi ba. Yana da guda, ana tambayarsa wata. A samamen da aka riƙa kaiwa situdiyoyin Titin Gidan Zoo a 2008 da 2009, editoci da mawaƙa da masu kiɗan fiyano ne aka fi kwasa, mutanen da sunansu ba ya fitowa a fasta, kuma kotun tafi-da-gidanka takan gama da mutum a rana ɗaya.

Ko marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda babu gidan da bai sa dariya ba a ƙasar Hausa, bai tsira ba. A watan Oktoban 2008 an ɗaure shi wata biyu a kan wata rawa da ke cikin Ibro Aloko, fim ɗin da ya riga ya shiga kasuwa kafin sababbin sharuɗɗan. A nan hoton rariya ya yaudari kowa. A madafi, abin da aka tace ya tatu, ba a mayar da kunu cikin rariya don an sauya mai girki. A ofis kuwa sabon shugaba yana iya zuwa da rariya mai ƙananan ƙofofi, ya waiwayi abin da aka sha tun bara.

Adalci ne a faɗi cewa ba hukuma kaɗai ke cin gajiyar duhun kalma ba. Jami'anta sun sha kokawa cewa wasu kan kawo fim a yanke, su karɓi takarda, su koma situdiyo su mayar da abin da aka cire. Kuma Rabo ba shi kaɗai yake rawarsa ba. Yana da goyon bayan malamai da iyaye masu yawa, waɗanda damuwarsu a kan tarbiyya ta gaskiya ce. Matsalar ita ce kalmomin da aka jingina hukunci a kansu, batsa, rashin ɗa'a, saɓa wa al'ada, kowa a Kano ya yarda munana ne, amma da wuya a samu mutum uku da za su ja layinsu a wuri ɗaya. Rawar da ake yi a gidan biki a Tarauni da yamma, ita ce aka ɗaure mutum saboda ya yi ta a gaban kyamara.

Sauran rabin sunan

Mutane kan ce Hukumar Tace Fina-finai su tsaya, amma sunan yana da wutsiya: da Ɗab'i. Kalmar daga Larabci take, ma'anarta buga littafi. Shekara bakwai wutsiyar tana kwance. A 2007 shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu ya ƙona littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, a 2008 kuma hukumar ta nemi marubuta su zo su yi rajista ɗaya bayan ɗaya, su kuma riƙa kawo rubutunsu a duba.

Marubutan suka ce su ba maɗaba'a ba ne. Mai injin buga littafi yana da shago da adireshi, ana iya yi masa lasisi kamar mai gidan burodi. Marubuciyar da ke rubutu a littafin makaranta bayan ta kwantar da yara, me za a yi wa rajista a wurinta, alƙalamin ko tunanin? Sai dai a Kano iyakar ba ta fito sarai ba, domin mafi yawan marubutan Adabin Kasuwar Kano su suke buga littattafansu da kuɗinsu, su kai kasuwa da kansu. Marubuci ne, mawallafi ne, dillali ne. Reshen Kano na ƙungiyar marubuta ta ƙasa, ƙarƙashin Ado Ahmad Gidan Dabino, da sauran ƙungiyoyin marubuta suka ƙi, har suka ajiye alƙalami na ɗan lokaci don nuna rashin yarda. A watan Agustan 2008 shugaban ƙungiyar na ƙasa, Wale Okediran, ya zo Kano, aka sasanta a kan marubuci ya yi rajista da ƙungiyarsa maimakon hukuma. Marubutan sun fi 'yan fim sa'a, watakila don sana'arsu ce jayayya a kan ma'anar kalma.

A gefe guda, sunan A Daidaita Sahu kansa ya nuna yadda kalmar hukuma kan kuɓuce wa mai ita. Daga sahun salla aka aro shi don shirin gyaran hali. Yau idan aka furta shi a bakin titi, babur mai ƙafa uku ne zai tsaya.

Hani da haramci

Turanci yana da wata 'yar gajeruwar kalma da jaridu ke so, wadda ke rufe hani kowane iri, na kwana bakwai ko na har abada, na gwamnati ko na ƙungiya. Ɗakunan labaran Hausa sun saba fassara ta da haramta. Ga mai fassara wannan daidai ne. Ga kunnen Bahaushe Musulmi kuwa, haram ba hanin ofis ba ne, hukuncin Allah ne. Idan rediyo ya ce an haramta fim, umarnin wani jami'i mai wa'adin shekara huɗu yakan shigo gida sanye da rawanin fatawa. Hausa tana da hana, tana da tsayar, tana da janye izini. Ba su da amo kamar haramta, shi ya sa ba su cika hawa kanu ba.

A watan Yunin 2009 kotun tafi-da-gidanka, ƙarƙashin alƙali Mukhtar Ahmed, ta ba da umarnin hana sayarwa da yaɗawa da ma sauraren waƙoƙi 11. Da yawansu martani ne ga hukumar kanta. A cikinsu har da Hasbunallahu, wadda Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, ya jagoranta, waƙar da addu'a ce daga farkonta har ƙarshe. Sai ga gari ya wayi da labarin an haramta Hasbunallahu, jimlar da duk wanda ya yi makarantar allo zai ji ta banbaraƙwai. A watan Yuli aka kama Ala. Waƙoƙin kuwa ba a shago suke ba balle a kwashe. Daga waya zuwa waya suke tafiya ta Bluetooth, kuma jerin da kotu ta fitar ya zama tamkar talla ga wanda bai riga ya ji su ba.

Ruɗanin ya sake fitowa ta wata fuska a watan Oktoban 2016, lokacin da MOPPAN ta sanar da korar Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon waƙar ClassiQ. MOPPAN ƙungiyar 'yan sana'a ce. Ba ta da kotu, ba ta da ɗan sanda, iyakar ikonta ta cire mutum daga cikinta, ta nemi membobinta su daina aiki da shi. Amma da labarin ya je jaridun Ingila da Amurka ya dawo, ya zama an haramta mata fim, kuma masu karatu da yawa, a waje da ma cikin gida, sun ɗauka gwamnati ce ko Hisbah. Ita kuwa ta ci gaba da fitowa a fina-finan Kudu, a 2017 kuma ta shirya nata na Hausa. Sunansa Rariya.

Ɓangarori huɗu ne ke iya cewa a'a ga ɗan fim a Kano: hukumar tarayya, hukumar jiha, Hisbah, da ƙungiyarsa. Kowanne da iyakar ikonsa, kowanne da ƙofar da ake bi a ɗaukaka ƙara ko a nemi afuwa. Mai sauraren rediyo yakan ji su duka da murya ɗaya, an haramta, ba tare da an faɗa masa wane ne an ɗin ba. Hausa tana da wannan sauƙin na ɓoye mai aiki a cikin ɗan ƙaramin harafi, kuma sanarwar hukuma tana jin daɗinsa.

Bayan kaset

Rabo ya bar kujerar bayan zaɓen 2011, amma kalmomin sun zauna, kuma kowace gwamnati ta same su da amfani. A watan Satumban 2019, zamanin Abdullahi Umar Ganduje, hukumar ƙarƙashin Isma'il Na'abba Afakallah ta sa aka kama Naziru M. Ahmad, wanda ke riƙe da sarautar Sarkin Waƙar Sarkin Kano a daidai lokacin da gwamnati ke takun-saƙa da Sarki Muhammadu Sanusi II. Tuhumar ita ce wadda aka yi wa Zango shekara 12 kafin nan: sakin waƙa ba a tace ba. A 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta naɗa Abba El-Mustapha, ɗan fim da ya fito daga cikin sana'ar, kuma cikin matakansa na farko har da soke lasisin masu harkar, kowa ya zo ya sabunta.

Abin da ya sauya shi ne hajar. An tsara dokar 2001 ne a kan fim ɗin da ake gamawa, a zuba a kaset, a ɗauka a kai ofis, a zauna a kalla, a buga hatimi, sannan a kai Ƙofar Wambai. A wannan tsarin saki yana da rana da wuri: ranar da kwali ya isa shago. Kasuwar faifai ta mutu. Tun bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, da kuma komawar furodusoshi YouTube, abin da ake yi shi ne shiri mai dogon zango, kashi-kashi, mako-mako, wani lokaci ana haɗa kashin wannan makon ana ɗaukar na gaba. Daga ɗaki ɗaya a Titin Gidan Zoo ake ɗora shi a intanet, a kalle shi a Yamai da Kumasi da Jidda a cikin sa'a guda. Hujjar da Iyan-Tama ya kafa, cewa bai saki fim ɗinsa a Kano ba, yanzu babu mai iya kafa ta, babu kuma mai iya rushe ta.

A watan Mayun 2025 hukumar ta sanar da dakatar da shirye-shirye masu dogon zango guda 22, cikinsu har da Labarina da Daɗin Kowa, ta ba masu su wa'adi su kawo su a duba. Sanarwar dakatarwa ta ce, da sharaɗin da za a cika a ci gaba. Kafin dare, a wayoyin mutane, ta zama an haramta Labarina, iyaye suna tambaya ko wani abin kunya aka gani a ciki. Dalilin da hukumar ta bayar shi ne ba a tace su ba. A ƙarshen kowane kashi na irin waɗannan shirye-shirye, idan sunayen ma'aikata suka fara hawa, akwai layin da aka rubuta tacewa, da sunan wani matashi a gabansa, wanda ya kwana a gaban kwamfuta don kashin ya fita a kan lokaci.